Yawun Malam Ɗalha

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Shatin bulala goma sha bakwai na ƙirga a bayan Malam Ɗalha. Huɗu sun fashe. Na wanke masa da ruwan gishiri yana kwance rub da ciki a kan buzu a soro, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya dake ni.

Mai ruƙiyyar da yayansa, Alhaji Nata'ala, ya ɗauko daga bayan gari ya ce aljanin ya fita ta babban yatsan ƙafa. Ya ci tuwo ya tafi. Ban hana ba. Ɗakin da nake haya a gidan Alhaji yake, kuma shekara goma sha ɗaya a Dala ba su mai da ni ɗan gari ba. Har yau Bafillatanin Gembu nake, sai fa in ana son a auna wa wani jini, nan ne nake zama Likita. Ni ba likita ba ne. Wayoyi nake liƙa wa mutane a ka, na'ura ta zana abin da ƙwaƙwalwarsu take yi.

Na liƙa wa Malam Ɗalha su a watan Maris. Takardar tana ƙarƙashin katifata. Farfaɗiya ce, daga gefen dama, sama da kunne kaɗan, inda ya bugu da kwalta ranar da babur ya kayar da shi shekara uku da suka wuce. Alhaji ya ce duk ranar da na furta wannan kalma a unguwar nan in tattara kayana. An sa bikin Zaituna, 'yar Malam Ɗalha, bayan Babbar Salla, kuma ba mai ɗaukar mace daga gidan masu farfaɗiya. Aljani ba ya hana aure. Bulala ake sa masa.

Alhamis, 8 ga Mayu, hantsi

Na biya ta rumfarsa kafin in tafi aiki. Yana yanka fatar kube da bayan nan nasa, ya kasa jingina. Robobin ruwa sun fi talatin a jere a gefensa, mata sun aiko ya yi tofi. Tun da ya fara faɗuwa yana tashi da hawaye da murmushi, rabin unguwa ta ce waliyyi ne.

Na ce, "Malam, ka sha maganin?"

"Na sha ruwa."

"Wasa kake da ranka."

Ya ajiye wuƙar. "Hambali, zauna. Daga nan yake farawa." Ya dafa cibiya. "Ya taso kamar an sa ni a guga ana ja. Sai ƙanshi. Ni da na shekara arba'in cikin warin jima, ka san hancina ba ya ruɗuwa, wannan ƙanshin ba a sayar da shi a Kurmi. Sai haske, amma ba na ido ba. Sai in san cewa ba a manta da ni ba. Ba zato ba, sani. Duk abin da aka karantar da ni tun ina riƙe da allo, a lokacin nake ganinsa tsaye. Numfashi biyar ne ko shida. Daga nan sai in farka jiƙe da fitsari, mutane a kaina."

"Maganin zai hana faɗuwar."

"Na sha kwana tara. Ya hana faɗuwar, ya rufe ƙofar. Na riƙa salla kamar mai awon gero."

Ya ɗauki roba ɗaya ya tofa ya rufe. Wata tsohuwa ta karɓa da hannu biyu ta kurɓa a nan take. Da ta san sunan ciwon, da ko inuwar robar ba za ta taka ba. Shekara ashirin ina gaya wa mutane yawun mai farfaɗiya ba ya ɗaukar kowa. A asibiti, a mota, a gidan biki. Sai su ce to, su matsa.

Isyaku yana tsallaken hanya a tasa rumfar yana kallo. A hannun Malam Ɗalha ya koyi dukanci. Yanzu ya ce abin da ake yi a rumfar nan shirka ce. Ba na son Isyaku, amma a kan robobin nan bai yi ƙarya duka ba. Kuma shi ya ɗauki Malam a kafaɗa ranar haɗarin babur. A rubuta masa wannan.

Juma'a, 9 ga Mayu, da safe

Mafarkin murhu kuma. Ba zan rubuta ba.

Litinin, 12 ga Mayu, azahar

Na sake nuna wa Dakta Aminat takardar. Ita ce likitar da ke karanta abin da nake zanawa. Ta bi tsinin layin da biro. Ta ce wannan sashen na sama da kunne shi ke riƙe da ƙanshi da tsoro da tuna baya, da jin cewa abu yana da ma'ana. In wuta ta tartsatsa a nan, wani ya ji tsoron mutuwa, wani ya ji kamar ya taɓa rayuwa a wannan ranar, kaɗan daga ciki su ji abin da Malam Ɗalha yake ji. Ta ce an ɗauki hoton kan masu zikiri a wasu ƙasashe, an ga wurin da ke gaya wa mutum iyakar jikinsa yana lafawa.

Na ce, "Ashe imanin ma tartsatsi ne a cikin nama."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Malam Hambali, yunwa ma tartsatsi ce a cikin nama. Ka taɓa jin ta tabbatar da cewa babu tuwo a duniya? Ka kawo mini mutumin nan. Faɗuwa ɗaya a bakin rijiya ta isa."

Rabona da in ji wani abu a salla tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ina yi, ba na fashi. Amma awon geron nan da Malam Ɗalha ya faɗa, shi ne nawa kullum. Ina jin haushinsa. Na rubuta don in gani da idona.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan magariba

Malam Ɗalha ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Wanda ya farfaɗo daga wannan ciwo yakan yi minti biyar ko goma bakinsa na tafiya, shi ba ya nan. Na ga wanda ya kira ni da sunan matarsa. Na ga alƙali ya zagi uwarsa. Malam Ɗalha ya yi magana. Isyaku ya ɗauka a waya.

Daƙiƙa goma sha tara. Na saurara sau uku. Abin da aka ce ya faɗa ba zan sa shi a littafin nan ba. Rabi ba a ji sosai, mutane sun cike sauran da bakinsu.

An watsar da robobin a kwata. Tsohuwar ranar Alhamis tana cikin masu tsinuwa.

Juma'a, 16 ga Mayu, la'asar

Sun ƙone rumfar. Warin ƙonanniyar fata ya cika har gindin dutse. Na san warin nan.

Mutane sun kai ɗari biyu, yawanci ba 'yan unguwa ba. Suka zo ƙofar gida da duwatsu. Kwanon soro ya lotsa, tagar ɗakina ta tafi. Na leƙa in ce wani abu, rabin bulo ya same ni a gira. Da kaina na ɗinke, ɗinki uku, a gaban madubi. Liman Malam Abdulhakeem ne ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa ya ce sai dai a bi ta kansa, hukunci na hukuma ne ba na titi ba. Wani ya fisge masa rawani. Sun watse da hadari ya taso, suna cewa Juma'a mai zuwa.

Malam Ɗalha yana ɗakin matarsa, bai tuna komai ba. Aka kunna masa muryarsa. Ya yi ta mari bakinsa har ya fashe leɓe.

Asabar, 17 ga Mayu

An rubuta a bangon gida da gawayi. Alhaji ya wanke. An sake rubutawa.

Lahadi, 18 ga Mayu, hantsi

Na fito da takardar na samu Alhaji a tsakar gida. Na ce malamai sun ce babu laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe, ga shaidar gushewar, a kai wa Liman.

"Mai da ita."

"Alhaji, kashe shi za su yi."

"Ba a kashe ɗan Dala a Dala. Za a yi ihu a gaji. Amma kalmar nan taka ba ta gajiya. Jikokina goma sha huɗu, tara mata. Kai za ka aure su? Kai da ko kaza ba ka ajiye ba a garin nan?"

Na ce gara a rasa miji da a rasa uba. Ya mare ni a kan ɗinkin. Tsoho ne, kuma yana kuka. Bai yi ƙarya ba a kan jikokin. Na ga gidajen da aka ƙaurace wa.

Da na koma ɗaki Zaituna ta yi sallama ta tsaya a bakin labule. Malamar makaranta ce, ba ta kwana-kwana.

"Kawu, ka kai."

"Kin san abin da zai biyo."

"Akwatuna ne. Su zo su kwashe. Baba ɗaya gare ni."

Malam Ɗalha ne ya ƙi. Na durƙusa a gabansa ya riƙe mini hannu ya ce, "In ka ce ciwo ne, ka ce abin da na gani ba komai ba ne. Hambali, shi kaɗai aka taɓa ba ni."

Na ce ban ce haka ba. Ya ce, "Takardarka ta ce."

Litinin, 19 ga Mayu, da safe

Adda Hajo, yayata, tana da shekara goma sha shida a lokacin. Iyakar abin da zan iya ke nan yau.

Talata, 20 ga Mayu, bayan azahar

Na kai ba da izinin kowa ba sai na Zaituna. Liman ya juya takardar sama da ƙasa. Layuka ne kamar sawun kaji.

"Malam Hambali, ni na yarda da kai. Amma ka gaya mini tsakaninka da Allah. Takardar nan ta ce hasken da yake gani ƙarya ne?"

"Allah gafarta Malam, na'urata sawu take nunawa. Tana gaya mini an taka nan, ƙarfe kaza, da nauyi kaza. Ba ta taɓa gaya mini wanda ya taka ba."

"Maganar da ya yi fa?"

"Wannan na rantse ba shi ba ne. Gidan babu kowa a lokacin."

Ya naɗe takardar ya miƙo mini. Ya ce zai faɗa a masallaci cewa mara lafiya ne, amma sunan ciwon sai iyali sun yarda. Ya ce waɗanda za su zo ba a masallacinsa suke salla ba. A fitar da shi ranar Juma'a da hantsi, kafin a sauko. Ya yi magana da 'yan sanda, mota za ta jira a bakin titi. Lungunmu ko baro sai an karkata. Taku ɗari uku da ashirin ne daga soro zuwa titi, na ƙirga a hanyar dawowa.

Alhamis, 22 ga Mayu, la'asar

Kwana uku Malam Ɗalha bai runtsa ba. Rashin barci shi ne babban mai kiran ciwon. Na niƙa ƙwaya a kunu, ya sansana ya ture.

Akwai samari a bakin lungun, biyu a kowane gefe. Sun kawo tsohuwar taya sun jingine.

Juma'a, 23 ga Mayu

Yana da rai.

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Bari in rubuta abin da ya faru jiya.

Mun fito ƙarfe goma. Alhaji a gaba, ni da Malam Ɗalha a tsakiya, Liman a baya. Mun yi taku ɗari da wani abu aka yi fito. Suka ɓullo ta gaba da baya da kan katanga. Gora, adda, katako mai ƙusa. Alhaji ya ɗaga hannu yana kiran sunayen iyayen waɗanda ya gane, aka sauke masa gora a ka, ya zauna a kwata jini na bin gemunsa. Aka danne Liman a bango. Na ɗaga takardar ina cewa mara lafiya ne, ga shaidar asibiti. Wani dogo mai jar hula ya karɓe ya duba ya ce, "Zanen yara ka kawo mana?" Ya yage ta. Aka buge ni a haƙarƙari na durƙusa.

Sun sa masa tayar a wuya. Na ji warin fetur. Wani yana ihu a kawo ashana, wani yana cewa a ja shi fili tukuna kada gidaje su kama. Isyaku yana wurin, riƙe da waya, fuskarsa kamar toka, yana cewa, "Ba haka na ce ba, ku tsaya, ba haka na ce ba." Ba mai jin sa.

Sai na ga Malam Ɗalha ya dafa cibiya. Ya ɗaga kai, ya buɗe hanci, ya yi murmushi, da taya a wuya da fetur na ɗiga daga gemu. Wani ya ce, "Dariya ma yake!" Ya tauna baki sau uku. Ya yi ƙarar nan. Ya sandare ya faɗi, jiki ya kama bugawa, kumfa ta ɓullo da jini.

Ban yi shawara ba. Na ji bakina yana cewa, "Farfaɗiya! Farfaɗiya ce! Kada ku taɓa shi! Yawunsa! Duk wanda ya taɓa ya ɗauka, shi da 'ya'yansa! Ni ma'aikacin asibiti ne, ni na gaya muku!"

Lungun ya tsaya. Na rarrafa na sa tafukana biyu a bakinsa na kwaso kumfar, na miƙe na nufe su da hannuwa a buɗe. Mai jar hula ya ja baya ya taka na bayansa. Na yarfa. Wanda ya sa tayar ya dubi hannunsa ya fara goga shi a bango yana salati. Maza masu adda suka riƙa hawa kan juna suna neman hanya. Wata mata a kan soro ta ce, "Wayyo, na sha tofinsa!" ta kama amai. Mutum ɗari biyu da ba su ji tsoron Allah ba, ba su ji kunyar Liman ba, suka gudu daga yawu.

Na cire tayar, na juya shi gefe, na jira ya lafa. Na ce a kama mini. Ba wanda ya matso, har 'yan gidanmu. Sai Isyaku ya sa wayar a aljihu, ya naɗe hannunsa da hula, ya kama ƙafafu. A rubuta masa wannan ma, da hular da komai.

Asabar, la'asar

A Gembu akwai sanyi, murhu a tsakar ɗaki yake. Adda Hajo tana dama fura ciwon ya kayar da ita, fuskarta da kafaɗarta a cikin wuta. Mu bakwai ne a ɗakin. Na yunƙura, Bappa, ɗan'uwan babanmu, ya riƙe mini wuya ya ce, "Kada ka taɓa ta! Yawunta!" Aka tafi neman sanda da za a jawo ta da ita. Ta kwana huɗu ta rasu.

Ban taɓa gafarta wa wannan maganar ba. Saboda ita na bar gida, saboda ita na koyi aikin nan. Jiya da muryar Bappa na yi ta. Har inda yake jan kalmar.

Litinin, 26 ga Mayu, azahar

An zo an kwashe akwatunan Zaituna. Waɗanda suka zo sun ƙi shan ruwa.

Alhaji, da ɗinki takwas a ka, ya aiko a gaya mini in nemi ɗaki kafin Salla. Ya haɗo da kwanon dambu. A masallaci an ware mini buta, sahu ya bar mini faɗin mutum ɗaya dama da hagu.

Ba a sake rubutu a bango ba. Yanzu cewa ake, ai bawan Allah mara lafiya ne, tun farko ma mun sani.

Laraba, 28 ga Mayu, hantsi

A asibiti ta jijiya aka fara ba Malam Ɗalha maganin, yanzu yana haɗiya da kansa. Zaituna ce ke miƙa masa, ba ya iya ce mata a'a. Za ta tafi da shi wurin dangin uwarta a Haɗeja in an sallame shi.

Na zauna a bakin gadon. Ya daɗe yana kallon silin.

"Ranar nan ya zo, Hambali. Da tayar a wuyana. Bai taɓa kaiwa haka ba."

"Na gani a fuskarka."

"To wa ya aiko shi a daidai lokacin? Tambayi na'urarka."

Na ce ba ta sani ba. Ya ce, "To." Ya juya bango. Can ya ce, "Na gode. Ban yafe ba tukuna, amma na gode."

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan azahar

Yau aka kawo yarinya gwaji, Ikram, shekara bakwai. Hannunta na hagu a naɗe daga gwiwa zuwa yatsu. Ta faɗi kusa da tukunyar ruwan zafi ranar Litinin. Uwar ta zauna a can bakin ƙofa, ta zo mata da kofinta daban a leda.

Ina shafa man liƙa wayoyi na ce, "Malama, da ta faɗi wa ya janye ta?"

"Da muciya na turo ta."

"Yawun ba ya ɗaukar kowa. Ko kaɗan."

"Haka nake ji dā, har ina ɗaukarta. Amma wani ma'aikacin asibiti ne da kansa ya faɗa, a Dala, satin da ya wuce. Yana cikin waya, kowa ya gani. Ba a ga fuskarsa sosai ba, mutane sun tare." Ta laluba jaka. "Bari in nuna maka."

Na ce ta bar shi, na gani.

Na zuba wa Ikram ruwa a kofinta ta sha rabi. Na karɓa na shanye sauran a gaban uwar, na lashe bakin kofin. Ta rufe baki da mayafi tana kallona. Na ce ta dawo bayan wata ɗaya ta duba ko na faɗi. Da za su tafi ta kama yarinyar a hannun dama, da yatsa biyu.

Mutum ɗaya ke nan. Dakta Aminat ta ce waɗanda suka kalli wayar sun wuce dubu arba'in.